Ranar da Inna Ta Ce Ni 'Yar Mutane Ce

Ƙarfe huɗu da minti goma na safe abin ya fara lalacewa. Na tabbata da lokacin, domin agogon yana rataye daidai saman kan magatakardan, ni kuwa a shekarun nan ba na iya kallon idon namiji, sai dai in kalli abin da ke bayansa. Kada ku ce wane ofishi ne ke buɗe kafin asuba. Agogon Makka na wancan zamani daga faɗuwar rana yake fara ƙirga, ƙarfe huɗunmu ita ce hantsinku. Muna cikin ofishin da hukuma ta buɗe don tallafa wa marasa lafiya da marayu, ni da kakarku. Ina da shekara goma sha huɗu, na rungume takardu a ƙirjina kamar wani zai ƙwace. Magatakardan ya gyara tabarau, ya nuna ni da gindin alƙalami, ya yi tambaya da Larabci. Na juya mata da Hausa, don aikin da ya kawo ni ke nan.

"Yaya, ya ce wannan yarinyar mece ce gare ki?"

Inna ta ɗaga kai ta kalli fankar da ke juyawa a sama, kamar ita ce ta yi tambayar.

"'Yar mutane ce," in ji ta.

Ni kuma na juya masa da Larabci, kalma da kalma, ban rage ko wasali ba.

Na san labarin da Gwaggo Hajo ta bar wa dangi, wanda kuka taso kuna ji a wurin biki da zaman makoki: wai kakarku ta yi musun haihuwata a gaban hukuma, ni kuma don wauta na taya ta. Rabi na biyu gaskiya ne, ba ni da ta cewa. Rabin farko nake so in gyara muku kafin ido ya gama tafiya.

Ku da kuka tashi kuna haye cinyar uwarku kuna kiranta ya ummi, zai yi muku wuya ku gane abin da ake kira kunyar ɗan fari. Iyayenmu sun baro ƙasar Kano da ƙafa, sun keto Chadi da Sudan, sun yar da kaya iri-iri a hanya don su rage nauyi, amma wannan ba su yar da ita ba. Mace ba ta kiran sunan abin da ta fara haifa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in an yabe shi sai ta yi kamar ba ta ji ba. Ni kuma abin ya zo mini ninki biyu, saboda sunan uwar Baba aka sa mini, ga kunyar 'yar fari ga ta suruka. Mutanen gida Uwani suke ce mini. Inna ko wannan ba ta faɗi. In tana nemana sai ta ce wa bango, "Wai ba kowa a gidan nan da zai miƙo buta?" Ina jin haka na san da ni ake. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Gwaggo Hajo, yayar Baba, wadda ɗakinta ke manne da namu a wani lungu na unguwar Misfala. Ƙannena biyu mata, Asma'u da Halima, suna cewa Inna. Ni Yaya nake ce mata, yadda na ji matan lungu suna faɗi.

Baba ma bai tsira ba. Ɗan ga-ruwa ne, Allah ya jiƙansa, da garwa biyu da sanda ya ciyar da mu har ya rasu. Ya daɗe a Makka har ya samu tabi'iyya, wato takardar zama ɗan ƙasa. Ranar da aka ce a kai sunayen 'ya'ya a rubuta a cikinta, ya je, aka ce ya ƙirga. Ya fara daga Asma'u. Ba mantuwa ya yi ba, mutunci ne a ganinsa, ina shi ina kiran sunan uwarsa a gaban baƙon namiji. Haka na zama yarinya mai ci, mai sha, mai zuwa makaranta, amma a takarda ba a haife ni ba tukuna. Ba wanda ya damu. Sa'ad da aka fara buɗe makarantun 'yan mata neman ɗalibai ake yi ido rufe, ba a tambayi takardata ba. Sai a shekarar da nake ba ku labari shugabar makaranta ta ce duk mai son zama jarrabawar fita firamare ta kawo tabi'iyyar ubanta da sunanta a ciki. Na yi shiru da maganar, ina jiran ranar da zan iya buɗe baki, irin jiran da na saba.

Sana'ar Inna hatsin tantabaru. Kullum da sassafe ta ɗauki tire ta zauna kusa da Harami, alhazai su saya su watsa wa tsuntsaye don neman lada. A takarda take ƙulla hatsin. In ta samo takardun ƙulli masu rubutu, guntun jarida ko shafin tsohon littafi, ba ta naɗe su a ranar. Sai ta jera su a kan tagar da ke tsakanin ɗakinta da na Gwaggo, ta danne da dutse, ta ce wa bango sai sun kwana sun miƙe. Da yamma in zo in karanta su duka. Washegari ta kwashe. Shekara da shekaru muna haka, ba ta taɓa cewa don ni ba ne, ni ma ban taɓa cewa na gode ba. Rabin abin da na sani na duniya a lokacin daga ƙullin hatsi na san shi, shi ya sa labarai da yawa na san farkonsu ban san ƙarshensu ba.

A farkon shekarar nan Inna ta fara rama, ciki yana kumbura, tiren yana yi mata nauyi. Aka yi rubutu, aka sha saiwoyi, daga baya muka kai ta asibiti. Likitan, wani Bamisre mai saurin magana, ya sa ta jira a waje ya kira mu ni da Gwaggo. Ya ce ciwon nan ne da ba a son kiran sunansa, ya riga ya kama hanta, watanni suka rage, a kai ta gida a kyautata mata. Ni na fassara wa Gwaggo. Ta yi salati, ta share ido da bakin mayafi, ta ce kada in kuskura in gaya wa Inna. Muka fito, Inna ta kalli fuskokinmu sau ɗaya.

"To, alhamdulillahi," ta ce. "Mutane na sayar da gona su zo su mutu a garin nan. Ni ga shi a ƙofar ɗaki."

Daga ranar abubuwa biyu suka zama ba a kiran sunansu a gidanmu, ciwon da ni.

Gwaggo Hajo mace ce mai murya. In ta yi ciniki a bakin lungu, ana jin farashin har unguwar Jarwal. Ƙosai take soyawa, kuma cinikinta ba zai ɗauki baki biyar ba. Ba ta ɓata lokaci ba ta yanke hukunci: tire ba zai kwanta don mai shi ta kwanta ba, Uwani za ta ɗauka, karatu ya isa haka. Ta ce a gwada ni ranar Juma'a tunda ba makaranta. Na zauna a gurbin Inna da tire a gabana. Ana so in riƙa kiran masu wucewa, ni kuwa muryata ko tantabarar da ke gefen ƙafata ba ta ji. Da na ga ba mai tsayawa, sai na warware ƙulli ɗaya don in ga abin da aka rubuta a jiki. Labarin wani jirgin ruwa ne, ya yanke a tsakiya. Na warware na biyu ko zan samu ci gaban, na warware na uku. Da na ɗago, tantabarun Makka gaba ɗaya suna kan tirena, wani alhaji Bature-Bature daga ƙasar Turkawa yana tsaye yana yi mini addu'a, ya ɗauka sadaka nake yi. Na koma gida da tire fes da takardu goma sha tara a jere bisa tsari.

"Sun biya?" in ji Gwaggo. "Tantabarun nake nufi. Ko sun ce sai bayan Hajji?"

Inna tana kwance ta juya wa bango fuska. Kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka kuka take, sai daga baya Asma'u ta gaya mini dariya ce.

Abla, wato malamarmu ta Larabci, ita ta ba ni labarin ofishin tallafi. Ta ce mai ciwon da ba ya tashi, in yana da takardar ƙasa da shaidar likita, hukuma na yanka masa abin da zai ci, in ya rasu kuma marayunsa su ci gaba da karɓa. Na kai wa Gwaggo maganar da muryar da ta fi ta bakin Harami ƙarfi kaɗan. Ta ce ta ba ni zuwa ƙaramar Salla. In abin hukuma ya fito, in ci gaba da karatuna. In bai fito ba, alhazai na fara sauka zan koma kan tire, kuma a ganye za a ƙulla hatsin.

A bakin kowane ofishi akwai masu rubuta wa mutane ma'arudi, takardar koke ke nan, suna zaune da akwati da tawada. Na ƙi zuwa wurinsu, saboda na taɓa leƙa rubutun ɗayansu na ga kurakurai uku a layi biyu. Da kaina na rubuta. Na ja layi da rula, na yi gwaji sau huɗu, na biyar na manna kan sarki a kusurwa ba karkata. Na rubuta sunan Inna, da ciwonta yadda likita ya rubuta, da rasuwar Baba. Da na zo wurin yawan 'ya'ya na rubuta uku, da lamba da kuma kalmomi, don kada a yi shakka. Ban yi tunanin komai ba. Mu uku ne.

Gwaggo ta raka mu har bakin titi ta tsaya. Ita da Hajji ta zo ta zauna, ba ta da ko guntuwar takarda, kuma macen nan da ke tsorata mahauta in ta hango hular askari sai ta koma kurma. Ta ce tana jiranmu a inuwar wani shago, in an tambaya ba ta san mu ba.

To, kun ji tambayar da aka yi da amsar da aka bayar. Magatakardan ya ajiye alƙalami. Ba mugu ba ne, mutum ne irina, mai son abu ya zauna daidai, kuma da ya fara duba ma'arudina har ya yaba rubutun. Ya buɗe tabi'iyyar Baba, ya sa yatsa.

"Nan biyu. Nan uku. Ke ce ta ukun?"

Na ce wa agogo ni ce ta farko.

"Ta farko ba ta cikin takarda, uwar kuma ta ce 'yar mutane ce. Me kike kiranta? Na ji kin ce wani abu."

"Yaya."

"Ma'anarsa uwa?"

Da na ce i, da an wuce wurin. Amma ba ma'anarsa ke nan ba.

"Ma'anarsa babbar 'yar'uwa," na ce.

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya sake tambayar Inna, a hankali, yana haɗawa da hannu, ko ita ta haifi wannan. Inna tana da Larabcin kasuwa, ta gane sarai. Ta ce masa zafi ya yi yawa bana. Ya ce a faɗi sunan yarinyar kawai. Ta ce Allah ya yi masa albarka, ya raya masa zuriya. Sai ya ɗauko jan alƙalami ya yi rubutu a saman takardar da na ja wa layi da rula. Ya ce yana ganin mutane na kawo tsofaffin da ba nasu ba don su ci da sunansu, ba ya ce haka muka yi ba, amma fayil ya tsaya. Sai uwar ta faɗa da bakinta a gaban umda, wato mai unguwa, da shaidu biyu cewa 'yarta ce, da sunanta. In ta faɗa, umda zai rubuta, da wannan takardar ma za a iya ƙara sunana a tabi'iyya. In ba ta faɗa ba, koken ya zama na ƙarya, sai a sake sabo baɗi. Na kalli Inna. Ba ta da baɗi.

A hanya Gwaggo ta dawo da muryarta duka.

"Ke da harshen yake hannunki! Ta ce 'yar mutane, ki ce masa ta ce 'yata ce, hasken idona! Wa zai sani? Fankar?"

"Ba haka ta ce ba, Gwaggo."

"Ba haka ta ce ba! Jama'a ku ji mini. An kai yarinya makaranta ta koyo gaskiya ta zo ta kashe mu da ita. Ke kuma Dije, bakinki zai faɗi ƙasa ne in kin ce ke kika haife ta? Ni ina wurin, ni na yanke cibiya, ihunki har Kudai!"

"Haba Yaya Hajo," in ji Inna a hankali, "a titi muke."

Azumi ya kama, Gwaggo ta buɗe makaranta a ɗakin Inna. Kullum bayan la'asar ta ɗaura rawani da zanen gado, ta zauna kan turmi, ita ce umda. Ta ce, "Ya hajja, wannan fa?" Inna ta ce, "Ai kin san ta." Gwaggo ta ce a gwada da Larabci, wataƙila kunya ba ta jin Larabci. Ashe tana ji. Ta ce to a rufe ido. Inna ta rufe ido ta yi barci. Rana ɗaya Gwaggo ta kawo dabara, Inna ta kira sunana a matsayin tana kiran wata Sa'adatu dabam, mai wanki a Jarwal. Inna ta ce waccan ai Sa'a ake ce mata, kuma ba ta da abin da za ta gaya mata.

Duk da haka muka je wurin umda, da dattawa biyu abokan ga-ruwan Baba. Umdan tsoho ne Bahijaze, ya shekara arba'in cikin Hausawa, yana jin Hausa fiye da yadda yake nunawa. Dattawan suka rantse sun ci naman sunana, har suka yi gardama kan ko ragon fari ne ko mai baƙin wuya. Umda ya ce ya yarda da su, shi ma ya san ni tun ina rarrafe, amma tunda uwar na da rai kuma ta faɗi wata magana a ofis, bakinta ne kaɗai zai warware. Ya juya gare ta da murmushi.

"Hajja Dije, abu mai sauƙi. Ranar da aka haifi yarinyar nan, ke ce kika haife ta?"

Inna ta daɗe tana gyara mayafi.

"Ranar dai ina ɗakin," ta ce.

Ɗaya daga cikin dattawan ya yi dariya har ya sarƙe, aka yi ta bubbuga masa baya da azumi a bakinsa. Umda ya ce wallahi a shekara arba'in bai ji shaida mai kyau irin wannan ba, amma ba zai iya rubuta ta ba, don ungozoma ma tana ɗakin. Ni kuwa na zo da shirina. Na ciro takarda da na rubuta maganar duka, na ce ta dangwala yatsa kawai. Umda ya ce ba ta karatu, kuma mai amfana da takardar ce ta rubuta, sai an karanta mata ta ce na'am. Aka karanta. Da aka zo kan sunana Inna ta kama tari. Tarin gaske ne, na ciwo, amma na lura bai zo ba sai a daidai wurin.

Kada ku ɗauka ban ji haushi ba. Na ji, irin haushin mai shiru, wanda ba ya fita sai ya koma ciki ya zauna. Kwana uku ban je tagar ba, ko da yake ba sabbin takardu tunda tire ya kwanta. A rana ta huɗu na leƙa, na ga shafi ɗaya danne da dutse. Takardar maganinta ce ta asibiti, ita kaɗai ce mai rubutu da ta rage a ɗakin. Na karanta ta tun daga sama har ƙasa, har da sunan maɗaba'a.

A goman ƙarshe Inna ta daina iya tashi. Na koma ofis ni kaɗai na gaya wa agogo. Magatakardan ya ce dama doka ta ce a je a ga mara lafiya a gidansa, zai zo ranar Asabar da umda. Ya kuma rage murya ya ce akwai wata hanya. In uwar ba za ta faɗa ba, ni da na rubuta uku in kankare da hannuna in mai da shi biyu, in sa hannu cewa kuskure na yi, ni maƙwabciya ce mai taimako. Fayil zai wuce a ranar, mara lafiya da marayu biyu su samu nasu. Na tambaye shi tabi'iyya fa. Ya ce wadda ta sa hannu ita maƙwabciya ce ba za ta dawo gobe ta ce ita 'ya ce ba. Na gane. Ba tire, amma ba jarrabawa. Na yi ta juya abin har Asabar, ina kallon Halima tana lasar murfin tukunya, na kuma yanke shawara ban gaya wa kowa ba.

Suka zo da hantsi, magatakarda da umda da dattawan nan biyu. An rataya zane a tsakiyar ɗaki, Inna na kwance a bayansa. Gwaggo tana jin an ce ma'aikacin hukuma ta shige bayan randa ta lulluɓa da buhu. Umda ya zauna, ya dubi buhun.

"Sannu da azumi, Hajo."

"Ba ta nan," in ji buhun.

Magatakardan ya duba ɗakin, ya duba takardar likita, ya yi tambayarsa ta cikin zane sau biyu. Inna ta yi masa sannu da zuwa, ta ba shi haƙuri ba a ba baƙo ruwa da azumi. Ya dube ni, na gyaɗa kai. Ya ciro reza daga aljihu, ya warware takardarta, ya miƙo mini da ma'arudina. Na ɗora a kan tiren Inna, na durƙusa. Ban taɓa kankare rubutuna ba, in na yi kuskure sabon shafi nake ɗauka. Na sa bakin reza a kan lambar, na fara a hankali don kada takardar ta huje. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar rezar.

"Wai me ake kankarewa a gidan nan?" in ji Inna, ga bango.

Sai buhu ya yi magana.

"'Yar mutane ce ke cire kanta daga cikin 'ya'yanki. Ta bar makaranta ke nan, ku ci abinci. Sai ki kwanta da kunyarki, ta ishe ki mayafi."

Na ci gaba da kankara. Rabin lambar ya tafi.

"A ce wa mai rezar nan ta ajiye," in ji Inna.

Na ajiye.

"A ce mata ta toshe kunnenta."

Na sa yatsu a kunne, kuma kun san ni, da aka ce in toshe, toshewa na yi da gaske. Na ga zanen yana motsi kaɗan, na ga dattawan sun sunkuyar da kai, na ga buhu ya zame daga kan Gwaggo ba ta damu ba. Ban ji komai ba. Da na cire yatsu, magatakardan yana kallon mutane ɗaya bayan ɗaya.

"Me ta ce? Ni ba na jin yarenku."

Umda ya buɗe baki zai fassara, sai ya fasa. Ya shafa gemu, ya ce shi Hausarsa ta tsufa, kuma muryar ta yi ƙasa. Dattawan suka ce su ma kunnensu ba ya aiki da azumi. Tsofaffin nan uku, Allah ya jiƙansu, sun ji sarai. Umda ya nuna ni.

"Ga tafinta. Wannan ko a kanta aka yi ƙarya sai ta fassara daidai, kai shaida ne. Ta sake tambaya, ta gaya maka."

Abin da ya biyo baya kun san shi. Tallafin ya fito bayan Salla da kwanaki, aka ƙara sunana a tabi'iyya a ƙasan na Halima, kamar ni ce auta, na zauna jarrabawa, na yi shekara talatin ina koyar da 'ya'yan mutane. Inna ba ta ga saukar alhazai ba, a Makka aka binne ta yadda ta so. Bayan ranar nan ta koma yi wa bango magana, ba ta sake kiran sunana ba har ta rasu, ni ma ban nema ba. Ma'arudin yana cikin akwatina, da rabin lamba da na cike da tawada, za ku gan shi in kun zo rabon kaya. Amma ku daina cewa ta yi musuna.

To, a ranar, da umda ya faɗi haka, na matsa jikin zanen, na ɗaga gefensa. Ta rame har ba ta cika tabarma ba, fuskarta na bango. Muryata ta fito irin ta bakin Harami.

"Yaya, ya ce ni mece ce gare ki?"

Ta juyo. A iya sanina ranar ta fara kallona ido cikin ido da mutane a wurin.

"'Yata ce ke, ta fari, Sa'adatu," ta ce. "Gaya masa. Ki kuma tsaya a kansa ya rubuta shi daidai, na san ba kya son kuskure."